Rawar kan babur: da muguwar rawa gara ƙin tashi

Duk wanda ya saba bin hanyar Jiratawa zuwa Maradi da sassafe ranar Litinin ko Juma'a, ranakun cin kasuwa, ya san abin da za mu faɗa. Ɗan kabu-kabu ya matso har kan tanki, a bayansa wata uwa ce da kwandon tumatir bisa cinya, can ƙarshen kariya kuma buhunan zogale biyu ne aka tamke da roba, sun leƙa baya har sun wuce ƙafar babur. Tafiya na tafiya lami lafiya, sai an ba babur wuta bisa kwalta. Nan ne kan babur, wato ƙarfen da direba ke riƙe da shi, zai fara kaɗawa dama da hagu da sauri, kamar hannun mai zazzaɓin cizon sauro. In Allah ya kiyaye, direba ya rage wuta, abin ya lafa, a yi salati a ci gaba da tafiya. In kuwa aka yi rashin sa'a, tumatir ya watse bisa hanya, jari ya tafi, a kwashi mutane zuwa asibiti.

Abin da muke gani a Maradi shi ne a Damagaram ranar Alhamis, shi ne a Tawa ranar Lahadi, shi ne kullum a bakin kasuwar Katako da ta Wadata a Yamai. Babur, wanda da yawanmu ke kira moto, ya zama jakin ɗan kasuwa na wannan zamani. Amma idan ka tambayi direba me ya sa kan ke rawa, amsar ba ta wuce uku: hanya ce, iska ce, ko kuma halin babur ɗin ne haka. Mu kuwa abin da muke so masu karatu su riƙe shi ne: babur mai lafiya da aka yi wa lodi daidai ba ya rawar kai a irin gudun da muke yi tsakanin ƙauye da kasuwa. Rawar nan gargaɗi ce. Tana da dalili, ana iya gano shi, kuma galibi maganinsa bai kai kuɗin kwana ɗaya a gadon asibiti ba.

Maganar ba ƙarama ba ce. Rahoton da hukumar lafiya ta duniya, OMS, ta fitar a 2023 ya nuna cewa kusan mutum miliyan 1,19 ke rasa rayukansu kowace shekara a haɗurran hanya, kuma yankin Afirka ne ke kan gaba idan aka auna da yawan jama'a, da mutum 19 cikin kowane 100.000.

Me ke sa kai ya yi rawa?

Wanda ya taɓa lura da ƙananan ƙafafun gadon asibiti, waɗanda ke juyawa kowane ɓangare, ya ga yadda suke bin bayan ƙarfen da ke riƙe da su, suna daidaita kansu da kansu. Ya kuma ga yadda wadda ta sassauta ke karkarwa idan aka tura gadon da sauri. Ƙafar gaban babur ma haka aka ƙera ta. Wurin da taya ke taɓa ƙasa yana ɗan baya da layin wuyan babur, da abin da bai fi faɗin tafin hannu ba. Wannan ɗan rata shi ke sa ƙafar ta koma tsakiya da kanta duk lokacin da dutse ko rami ya kauda ta. Amma komawar takan ɗan zarce tsakiya ta dawo. Idan taya na da iska daidai, da nauyi isasshe bisa ƙafar gaba, kuma babu abin da ya sassauta, zarcewar nan tana mutuwa nan take, direba ma ba ya jin ta. Idan ɗaya daga cikin waɗannan ya ɓaci, kowace zarcewa sai ta fi ta baya girma, har kan ya fi ƙarfin hannu.

Tun 1971 wani injiniya ɗan ƙasar Ingila, Robin Sharp, ya yi lissafin wannan al'amari, ya bambanta irin rawar da babur ke yi. Biyu daga ciki ne suka shafe mu. Ta farko rawar kai ce kaɗai, mai sauri ƙwarai, wajen sau 6 zuwa 10 cikin sakan ɗaya. Sau da yawa tana fitowa a matsakaicin gudu, musamman idan an saki wuta ko an ɗauke hannu ɗaya daga kai. Ta biyu kuwa babur ɗin ne gaba ɗaya ke lanƙwasa kamar tafiyar maciji, a hankali, sau 2 ko 3 cikin sakan, kuma tana ƙaruwa ne da ƙaruwar gudu. Sanin wadda ke damunka rabin magani ne, domin ta farko ta fi nuna matsalar gaba, ta biyu kuma ta fi nuna matsalar baya. Lodi mara kyau yana iya haddasa dukansu.

A fara da lodi

Kafin a kira makanike, a gwada abu mai sauƙi. A sauke kaya duka, direba shi kaɗai ya bi wannan hanya da irin wannan gudu. Idan rawar ta ɓace ko ta ragu sosai, to mai laifi ya bayyana.

Yawancin ƙananan baburan da ke kasuwanninmu, irin su Kasea da Jincheng da Haojue da Boxer, masu inji 100 zuwa 150, nauyin da aka ƙera su su ɗauka yana kusa da kilo 150 ne, har da direba. A yi lissafi: direba mai kilo 65, fasinja mai kilo 70, buhun shinkafa mai kilo 50, an kai 185 ke nan. Buhun hatsi mai kilo 100 da direba kaɗai sun cike ma'auni. Jarka 4 masu lita 25 cike da ruwa kilo 100 ne, ban da cewa jarkar da ba ta cika ba ruwanta na kai-kawo yana jan babur gefe da gefe.

Sai dai inda aka ɗora kaya ya fi yawansa muhimmanci. Duk nauyin da ya wuce tsakiyar ƙafar baya yana ɗaga gaba ne, kamar yadda amalanken da aka cika wa baya ke neman ɗaga jaki sama. Ƙafar gaba da ba ta danne ƙasa sosai ba ita ce ke saurin rawa. Saboda haka abu mafi nauyi ya zauna kusa da bayan direba, ƙasa-ƙasa, marar nauyi ya hau sama. In kaya na rataye gefe biyu, su yi daidai da juna. A tamke su yadda ko an girgiza babur ba za su motsa ba. Kada a rataya leda ko jarka bisa kai, domin nauyi a nan yana ƙara wa rawar ƙarfi. Sannan waɗanda ke sa mai walda ya ƙara wa kariya tsawo domin ta ci kaya da yawa su sani cewa rawa suke saye da kuɗinsu.

Iskar taya: ba a auna ta da yatsa

Abu na biyu shi ne iska. Mun saba ganin direba ya danna taya da babban yatsa ko ya harbe ta da ƙafa ya ce ta yi. Yatsa ba ya bambanta kilo 1,2 da kilo 1,8, alhali tsakaninsu akwai karaya. A yawancin ƙananan babura ana son wajen kilo 1,75 a gaba, kilo 2 a baya, a ƙara na baya zuwa wajen 2,25 idan za a ɗauki mutum da kaya. Adadin da ya dace da kowane babur yana cikin ɗan littafinsa, ko bisa wata ƴar takarda da ake mannawa kusa da sarƙa. A nemi mai facin da ke da ma'aunin iska, a auna da safe tun taya ba ta yi zafi ba, aƙalla sau ɗaya a mako.

Abu biyu ke yaudarar mutanenmu a nan. Na farko, masu zuwa ƙauye kan rage iska domin babur ya bi rairayi ba tare da nutsewa ba, wanda dabara ce mai kyau, amma sai su hau kwalta su manta ba su mayar da ita ba. Na biyu, lokacin bazara idan kwalta ta ɗauki zafi iskar taya na ƙaruwa, sai wani ya ji ta yi tauri ya sace ta. Washegari da safe tayar na kwance. Ba a rage iska daga taya mai zafi.

Taya da ƙafa

Daga nan sai a ɗora babur bisa matsayinsa na tsakiya mai ƙafa biyu, wani ya danna baya har ƙafar gaba ta rabu da ƙasa. A shafa taya da tafin hannu. Idan an ji tudu da kwari, ko gefe ɗaya ya fi ɗaya cinyewa, ko akwai kumburi ko tsagewa, tayar ta gama aiki. A dubi siririn layin da ke zagaye da taya dab da bakin janti, wato da'irar ƙarfen da taya ke zaune a kai. Layin ya kamata ya fito daidai ko'ina. Idan ya nutse a wani wuri, to mai faci bai zaunar da tayar da kyau ba, kuma wannan kaɗai ya isa ya sa kai ya yi rawa. Shi ya sa in rawar ta fara ne bayan an yi faci, can za a fara komawa.

Mai sayen taya ya duba shekarunta. A gefen tayoyi da yawa akwai lambobi 4 a jere cikin ɗan zagaye: biyun farko mako ne, biyun ƙarshe shekara. Misali 1522 na nufin mako na 15 na shekarar 2022. Tayar da ta daɗe cikin zafin shago tana bushewa ko ba a taɓa hawanta ba. In akwai kibiya a gefenta, a tabbatar an ɗaura ta tana kallon inda ƙafar ke juyawa.

Sai a juya ƙafar, a riƙe ɗan kara ko alli dab da bakin janti. Idan jantin na matsowa yana nesantawa fiye da milimita 2, ya karkace. A bi wayoyin ƙafa ɗaya bayan ɗaya ana ƙwanƙwasa su da sifana: mai lafiya tana ƙara garau, wadda ta saki tana amsawa dakushe. Hanyoyin jan ƙasa masu ƙunya-ƙunya kamar kwanon rufi su ne manyan maƙiyan wayoyin nan. Ɗaure su aikin gwani ne, domin wanda bai iya ba zai ja gefe ɗaya ya ƙara karkatar da jantin.

Bayan haka a kama tayar sama da ƙasa a jijjiga ta gefe da gefe. Idan an ji ƙas-ƙas ko ɗan motsi, rulma ɗin ƙafar, wanda wasu ke kira boris, ya ci. A duba kuma notin sandar da ta ratsa tsakiyar ƙafar, ya kasance a ɗaure tamau.

Wuyan babur

Nan ne cutar ta fi ɓuya. A cikin wuyan babur, inda kai ke juyawa, akwai ƙananan ƙwallayen ƙarfe jere biyu, sama da ƙasa, suna gudu cikin giris. Gwaji biyu ake yi, ƙafar gaba na sama. Na farko, a tura kai a hankali daga dama zuwa hagu. Ya kamata ya tafi sumul. Idan ya zo tsakiya ya ɗan maƙale kamar ya faɗa rami, to ƙwallayen sun haƙa gurbi a mazauninsu, sai canji. Na biyu, a tsuguna a gaba, a kama sandunan furshi biyu daga ƙasa, a ja gaba a tura baya. Idan akwai motsi ko ƙara, wuyan ya saki. Direba ma na iya jin wannan ƙarar a hanya duk lokacin da ya kama birkin gaba ko ya faɗa rami.

Akwai kuskuren da muke yawan gani a gareji: mai babur ya kawo kukan rawa, yaron gareji ya ɗauki guduma da ƙusa ya ƙulle notin wuya iya ƙarfinsa. Rawar takan ɓuya kwana biyu, amma kai ya yi tauri, babur ya riƙa yawo bisa hanya ko a ƙaramin gudu, ƙwallayen kuma su lalace da wuri. Ɗaurin da ya dace shi ne wanda ya kashe motsi amma ya bar kai na faɗawa gefe da ɗan turi kaɗan. Wanda ke ratsa gulbi ko ƙorama da damina, ko yake fama da ƙurar hunturu, ya sa a buɗe wuyan a wanke a sa sabon giris aƙalla sau ɗaya a shekara.

Furshi da bayan babur

Sandunan furshi biyu dole su yi aiki tare. Idan mai na tsiyaya a jikin ɗaya, to ɗayar ce kaɗai ke aiki. A kama birkin gaba a danna kai ƙasa: ya sauka ya dawo sumul, ba maƙalewa, ba tsalle. Babur ɗin da ya taɓa faɗuwa ko ya yi karo, a tsaya gabansa a duba: idan ƙafa na kallon gaba amma kai ya karkata, furshin ya murɗe ko ya lanƙwashe. Murɗewa ana sassauta notuna a daidaita ta. Sandar da ta lanƙwashe sosai kuwa canza ta ya fi miƙe ta da wuta, domin ƙarfen da aka gasa ba ya komawa ƙarfinsa na da.

Mutane da yawa ba su san cewa rawar gaba na iya fitowa daga baya ba. Amortisar ɗin baya da ya mutu yana sa babur ya zauna, gaba ya yi sama. Galibinsu suna da matakala da ake murɗawa domin ƙara tauri idan za a ɗauki kaya; a sa na dama da na hagu bisa mataki ɗaya. A kama ƙafar baya a jijjiga gefe da gefe: in ƙarfen da ke riƙe da ita na motsi daga gindinsa, robobinsa sun ci. Sannan duk lokacin da aka ja sarƙa, a tabbatar alamomin gefe biyu sun yi daidai. In ba haka ba ƙafar baya za ta kalli wani wuri, ta gaba ta kalli wani. Igiya biyu da aka miƙe daga tayar baya zuwa ta gaba sun isa su nuna karkatar.

Sabon babur ma bai tsira ba. Da yawansu cikin kwali suke zuwa, a nan ake haɗa su, wani lokaci cikin gaggawa. Bayan kilomita 500 zuwa 1.000 na farko a mayar da shi a sake bin wuya da wayoyi da notuna. Mai sayen na hannu kuwa ya yi duk gwajin da muka lissafa kafin ya ƙirga kuɗi.

Idan rawar ta kama ku bisa hanya

Ga direba: kada ka damƙi birkin gaba, kada kuma ka sandare hannu kana kokawa da kai, domin hannun mutum bai kai saurin rawar ba, ƙara mata ƙarfi yake yi. Ka matse tanki da gwiwoyi, ka sunkuyo gaba domin nauyi ya koma ƙafar gaba, ka riƙe kai ba tare da ƙanƙamewa ba, ka rage wuta sannu a hankali. In ta fara lafawa ka taka birkin baya kaɗan-kaɗan, ka gangara gefe ka tsaya. Kada ka ce za ka ƙara gudu ka wuce ta. Kada kuma ka ci gaba da tafiya sai ka san abin da ya jawo ta.

Ga fasinja: kada ki yi tsalle, kada ki sauke ƙafa ƙasa. Ki matso jikin direba ko ki riƙe ƙarfen gefe da kyau, ki zauna cik. Tun kafin a tashi ki tattare zane da hijabi, kada su kusanci sarƙa da wayoyin ƙafa. Hular kariya, wato kaske, ba ta hana rawa, amma ita ke raba faɗuwar da ake ba da labarinta da wadda ake zaman makokinta.

Kira ga iyayenmu mata ƴan kasuwa

Ku ne masu kaya, ku ne masu biyan kuɗi, saboda haka kuna da ta cewa. Sau da yawa ba direba ne ke son lodin da ya wuce kima ba, ciniki ne ke tilasta masa: Hajiya na son buhu uku da ita kanta su tafi sawu ɗaya, shi kuma yana tsoron in ya ƙi wani ya ɗauka. A ce sawu ɗaya dala 100 ne, biyu dala 200. Dala 100 ɗin da aka tsimi ba ta kai kuɗin kwandon tumatir ɗaya ba, balle kuɗin ɗori da watanni biyu na zaman gida, rumfa a rufe, yara na jiran abin da za a aza a tukunya. Garin neman gira kada a rasa ido.

Kafin ki hau, dubi tayar gaba. In ta yi sulɓi kamar tafin hannu ko ta kwanta, nemi wani. In kin ji babur na kaɗawa a hanya, ba rashin kunya ba ne ki ce: "Ɗana, tsaya mu gyara kayan nan, kasuwa ba ta gudu." Direban kirki zai ce: "To, Inna," ya tsaya. Wanda ya yi miki dariya ya ce haka yake yi kullum, ki sauka ki biya shi na inda ya kawo ki.

Su kuma masu saye wa yara babura suna karɓar kuɗin yini, su tuna cewa yaron da aka ƙayyade wa abin da zai kawo kowace yamma ba zai cire kuɗin rulma daga aljihunsa ba, zai yi ta lallaɓawa ne har ranar da abin ya faru. Mai babur shi ya kamata ya ware rana ɗaya a wata ya kai shi gareji da kansa, ya tsaya a kai. Shugabannin tashoshin kabu-kabu ma in suka haɗa kuɗi suka ajiye ma'aunin iska ɗaya a tasha, sun yi wa kansu da mu babban aiki.

Lodi, iska, taya, ƙafa, wuya, furshi, baya: a bi su a jere, daga mai sauƙi zuwa mai wuya, a gyara ɗaya a gwada kafin a taɓa na gaba. In an bi duka rawar ba ta daina ba, mai yiwuwa ƙashin babur ɗin ne ya karkace ko ya tsage, sai a ajiye shi har gwani ya duba. Allah shi kiyaye hanya, shi ba da kasuwa mai albarka, shi mayar da kowa gidansa lafiya.